Sifana Mai Jan Fenti

Shafi na 9

Ƙarfe goma saura na safiyar Asabar, ruwan da aka kwana ana yi ya ɗauke, sai ɗan yayyafin da bai isa a buɗe masa lema ba. Mai Famfo na gaba da jakar kayan aikinsa a kafaɗa, matarsa na biye da shi riƙe da hannun Auta. Aku kuwa, 'yarsu ta fari wadda surutu ya ja mata wannan suna, tana can gefe tana tsallake kududdufai tana ba kowanne labari.

Jibi Litinin matar za ta fara aiki a gidan burodi, tun shida na safe har uku na yamma, ga makaranta an rufe sai bayan sati shida. Shi kuma aikinsa ba ya da lokaci, duk inda fayif ya fashe nan ne ofishinsa. Dole a samu gidan da yaran za su riƙa wuni.

Wurare biyu ya duba a satin nan, duka ya ce a'a. Na farkon, tankinsu na ƙasa da ruɓaɓɓen katako aka rufe shi, ga Auta in ya ji ƙarar ruwa ba ya ganin gabansa. Na biyun ko zama bai yi ba, warin bayan gidansu ya tare shi tun daga ƙofa.

Wannan na ukun matarsa ce ta kawo zancensa. Wai wata maƙwabciya ce ta kwatanta mata.

Da suka iso inda hanya ta rabu biyu ya tsaya zai tambayi mai kanti. Ko da ya waiga, tuni ta karya hagu.

Ya bi ta.

Can gaba ruwa ya kwanta a gefen titi. Tun kafin su kai ta ɗaga Auta cak, ta zagaya ta can. Shi da ya taka wurin, ƙafarsa ta nutse har idon sawu. Murfin kwata ne ya karye a ƙarƙashin ruwan.

Ya tsaya yana yarfe takalminsa.

"Maman Aku."

"Na'am."

"Maƙwabciyar nan taki ta iya kwatance."

"Ta iya kam."

"Har ramin da ke cikin ruwa ta kwatanta miki?"

Ta gyara mayafinta, ta ce, "Ido gare ni, Baban Aku. Mu yi sauri kada ruwan ya dawo."

Gidan mai shuɗin get ne, an zana kifaye da jirage a jikin katanga. Wani tsoho mai gadi na zaune ƙarƙashin rumfa da rediyonsa. Yana hango su ya washe baki.

"A'a, yau kuma a ƙasa ku..."

Sai idonsa ya faɗa kan Mai Famfo. Tari ya sarƙe shi, tarin da ba daga ƙirji ya fito ba.

"Sannunku da zuwa, baƙi," ya ce, ya buɗe musu ƙaramar ƙofa.

"Sannu, Baba," in ji Mai Famfo. Ya daɗe yana kallon tsohon, tsohon kuma ya duƙufa yana murɗa rediyon da ba abin da ya same shi.

A baranda akwai kanta mai ƙananan gidaje ta ajiye takalma, kowane gida da hoton da aka manna masa. Aku ta tuɓe nata ta watsar a tsakiyar hanya yadda ta saba. Auta ya zame hannunsa daga na uwarsa, ya zauna, ya cire nasa ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce gidan zomo, ya wuce na mota, ya saka su a gida mai hoton kifi. Ko duba sauran bai yi ba.

Shekarar Auta biyar, bai taɓa furta ko kalma ɗaya a gida ba. In aka kai shi baƙon wuri, manne wa ƙafar uwarsa yake yi har a tafi. Yau ga shi ya shige ciki kamar ɗakin kakarsa.

Mai Famfo ya dubi matarsa. Ita kuma ta duƙa tana tattara takalman Aku.

Wata gajeriyar mata mai tabarau ta fito, hannun rigarta duk fenti. Ita ce Malamar da ke riƙe da gidan. Ta gaishe shi da kyau, ta juya ga matarsa ta yi mata irin doguwar gaisuwar da ake yi wa wanda ba a taɓa gani ba, har ta zarce misali.

"Ga tsarinmu," ta ce, tana miƙa masa takarda. "Takwas na safe zuwa huɗu. Kowace malama yara goma. Da safe zane da shuka a gwangwani, da rana ƙwallo, bayan an ci abinci a kwanta. Ba a ba kowa yaro sai wanda sunansa ke cikin fom."

"Ana iyo?" in ji Aku. "Ni na iya iyo a baho."

"Ke, rufe min baki," in ji uwarta.

Mai Famfo ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Malama, ki yi haƙuri, ni ba na kallon fentin bango. Ina bayan gidanku?"

Haka yake yi duk inda ya je. Yakan ce kowa na iya share gaban gida, amma famfo ba ya yi wa mutum ƙarya. Ya shiga bayan gidan yara, ya murɗa famfunan ɗaya bayan ɗaya, ya ja ruwa, ya durƙusa ya shafa ƙarƙashin kwanon wanke hannu. A bushe. Ya so ya samu abin cewa, bai samu ba.

Ya fita tsakar gida ta baya. Nan ya ga wani sabon famfo da aka sauko da shi daidai tsayin yara. Ya tsuguna a gabansa.

An kama fayif ɗin a bango da maƙalai biyu, ɗaya sama da gwiwa, ɗaya ƙasa. Kowane mai gyara ɗaya yake sawa ya wuce. Mutum biyu kaɗai ya sani masu sa biyu, domin haka marigayi ubangidansu ya koya musu da rankwashi. Shi, sai Dogo.

Dogo, wanda suka shekara goma sha biyu suna aiki tare, suna cin abinci a kwano ɗaya. Wata uku ke nan ko sallama ba ta haɗa su.

Ya miƙe a hankali.

"Malama, wa ya yi muku wannan aikin?"

"Wani bawan Allah ne ya taimaka mana."

"Bawan Allahn ba shi da suna?"

Malama ta cire tabaranta ta shiga goge shi da gefen mayafi.

Bai jira ta ba. Ya bi wata siririyar hanya inda ya ga Auta ya shige. A ƙarshenta akwai ƙaramin ɗaki da tabarmar roba a ƙasa, da madubi babba a bango, da katuna masu hotuna a cikin kwando. Auta na zaune a tsakiya ya ba ƙofa baya, ya rungume wani abu a cinya yana shafawa.

Mai Famfo ya zagaya ta gabansa.

Sifana ce ta ɗaure fayif. Jan fenti a mariƙinta, da tsaga uku da aka yi da zarto a gindi.

Ya san tsagar nan fiye da yadda ya san layin tafin hannunsa. Ubangidansa ne ya ba shi ita ranar da ya yaye shi. Wata uku da suka wuce ta ɓata daga akwatinsa. Da yake Dogo ne ya are ta a satin, sai ya tare shi a wurin gini, gaban magina da leburori, ya kira shi ɓarawo. Dogo bai rama ba. Ya ɗauki akwatinsa ya ɗaure a babur ya tafi.

Matarsa ta tsaya a bakin ƙofa, Malama na bayanta, Aku na leƙowa ta gefensu.

"Malama," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "a ɗan ja min yarinyar nan waje."

"Aku, zo ki ga inda muka shuka wake," in ji Malama. Ta kai ta wurin wata malamar, ta dawo ta tsaya nesa kaɗan.

Ya nuna sifanar da haɓa.

"Mene ne wancan?"

"Sifanarka ce."

"Na san tawa ce. Ƙafa ta yi?"

Ta kau da kai.

"Kin san hanya. Kin san rami. Mai gadi ya san ki. Yaro ya san gidan takalminsa. Ga aikin Dogo a bango, ga sifanata a ɗaki. Maman Aku, ni ba yaro ba ne. Me ke kawo ki nan, ke da shi?"

Ta ɗago da sauri. "Ni da shi? Abin da zuciyarka ta ba ka ke nan?"

"Abin da idona ya ba ni nake faɗa."

"To idonka bai gama gani ba."

"Gama min."

Ta shigo ta zauna a kan tabarmar kusa da Auta.

"Duk Asabar ɗin da na ce maka na kai Aku gidan Inna, gaskiya ne, ina kai ta. Daga can nake wucewa nan da Auta. Malama tana koya wa yaran da bakinsu ya yi nauyi. Awa biyu."

"Tun yaushe?"

"Wata uku."

"Na ce miki me, ranar da nas ɗin nan ta ce a kai shi a duba?"

"Ka ce ɗanka lafiyarsa ƙalau. Ka ce kai ma sai da ka shekara huɗu ka yi magana. Ka ce kada in sake in kai maka ɗa wurin masu dube-dube."

"Ashe kin ji."

"Na ji. Na jira ya cika huɗun. Na ƙara masa shekara guda a kai." Ta shafa kan yaron. "Ranar da ƙofar bayan gida ta rufe da shi, awa nawa muka yi muna nemansa a layi? Yana ciki, yana jin muna kiransa, ya kasa cewa ga ni. Ranar na yanke shawara."

Mai Famfo ya tuna ranar. Shi ya ɓalle ƙofar da kafaɗa.

"Sifanar fa?"

"Ranar farko ya ƙi fita daga gida. Ya ɗauke ta a akwatinka ya ƙanƙame. Na ce bari ya tafi da ita, in mun dawo in mayar. Da muka zo nan, duk abin wasan da aka ba shi ya ture, sai da ita ya yarda ya zauna."

"Ni na roƙa a bar min ita," in ji Malama daga ƙofa. "Laifin wannan nawa ne. In tana hannunsa yana kallon bakina. In babu ita, bango yake kallo."

"Kika ga ina neman ta kamar zan rushe gida," ya ce wa matarsa. "Kika yi shiru."

"Kafin in buɗe baki ka riga ka ce Dogo ne. Ka fita da safe, da yamma ka dawo ka ce ka gama da shi. In ce maka me? In ce tana wurin da ka hana ni zuwa?"

"Shi Dogon ya sani?"

"Shi ya samo min Malama. Ɗan ƙanwarsa nan ya koyi magana. Shi yake kawo mu a babur, ya dawo sha biyu ya mai da mu." Ta ɗago ta dube shi. "Washegarin abin na je har gidansa, gaban matarsa, na ce zan faɗa maka gaskiya. Ya ce kada in soma. Ya ce in ka ji za ka hana zuwan, kuma bakin yaro ya fi sunansa."

Mai Famfo ya nemi wurin zama, babu sai wata 'yar kujerar yara mai launin ruwan ƙwai. Ya zauna a kanta, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ba wanda ya yi dariya.

Sai can ya ce, "To a wata ukun, me aka samu?"

Malama ta ɗauko wani littafi a kan taga.

"Kalma goma sha ɗaya."

"Kalma?" Ya dubi Auta. "Da bakinsa?"

"Da bakinsa. A ɗakin nan kawai tukuna. Wasu yaran haka suke, sai sun ajiye maganar a wuri ɗaya ta yi ƙwari kafin su fita da ita."

Ta bi layin da yatsa tana karantawa. Ruwa. Zo. A'a. Kifi. Mama. Buɗe. Ya lura yatsan nata ya tsallake wani layi, ya sauka a na ƙasa. Bai tambaya ba. Wata tambayar ce ta fi damunsa.

"Akwai Baba a ciki?"

Malama ta rufe littafin a hankali.

"Bai zo ba tukuna."

Ya gyaɗa kai. Ya sauko daga kujerar ya durƙusa gaban yaron.

"Auta. Ce ruwa."

Auta ya ƙara matse sifanar a ƙirji.

"Ruwa. Ce min ruwa, ɗan Baba."

Yaron ya juya fuskarsa ga madubi.

"Kada ka matsa masa," in ji Malama. "Bai saba ganinka a nan ba. In ya wuni tare da yara sati shidan nan, kullum, ina sa ran bakin zai buɗe fiye da na Asabar-Asabar. Amma ba na karɓar yaro wuni guda sai uba da uwa sun sa hannu. Shi ya sa na ce mata wannan karon sai ta zo da kai."

Ta ajiye fom ɗin da biro a kan ɗan teburin. Matarsa ta riga ta sa nata hannun, layinsa ne kawai fari.

Ya dubi takardar. Ya miƙe ya ɗauki jakarsa ya fita.

"Baban Aku," matar ta kira shi.

Bai waiwayo ba. Ta bi shi da ido ta taga, tana jiran ta ga ya nufi get.

Tsakar gida ta baya ya nufa. Ya tsaya a kan murfin tankin ƙasa, ya buga shi da diddige sau biyu. Ƙarfe ne mai kauri. Ya sa yatsa biyu a mariƙin ya ja, murfin ya taso ba wuya. Ya leƙa, ruwa baƙi ƙirin har kusa da baki.

Ya sauke jakarsa, ya kwance kwaɗon da yake kulle ta da shi, ya datse murfin. Ya ja, ya sake ja. Sannan ya dawo ɗakin ya ajiye makullin a kan littafin Malama.

"Murfin da zan ɗaga da yatsa biyu, yara uku za su ɗaga shi. Kada makullin nan ya kwana a jikin kwaɗo."

"Ba zai kwana ba."

Ya ɗauki biron. Rubutu ba ya yi masa sauri, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya gama sa hannun, sau biyu, na Aku da na Auta.

"Saura nan," in ji Malama, ta nuna ƙasan takardar. "Masu izinin ɗaukar yara. Kai ɗaya, mamansu biyu. Ku duka kuna aiki, ana son mutum na uku ko da wani abu zai taso."

Matarsa ta sunkuyar da kai.

Ya daɗe biron na tsaye a kan layin.

"A bar shi tukuna," ya ce.

Da za su fita Auta ya miƙe da kansa, ya rataye sifanar a wata ƙusa da ke daidai tsayinsa. Mai Famfo ya kai hannu kamar zai ɗauka, sai ya mai da hannun aljihu.

A baranda Aku ta tare su da ƙasa har gwiwar hannu.

"Baba, nan za mu riƙa zuwa? Na shuka wake biyu, ɗaya nawa ɗaya na Auta, amma nawa ya fi girma. Mama, ashe kin san wurin nan shi ne ba ki taɓa zuwa da ni ba?"

"Da na zo da ke, kafin la'asar duk layinmu sun ji."

"Ni ba na faɗa wa kowa magana, sai dai in an tambaye ni. Ko in ba a tambaye ni ba amma na ga ana so a ji."

Mai gadi ya buɗe musu ƙofa, ya kasa haɗa ido da kowa. Yayyafin ya ɗan ƙaru.

Suna sa ƙafa a waje suka ji ƙarar babur daga kwana. Mai Famfo ya san ƙarar nan, salansar da ya sha cewa a canja ba a canja ba.

"Na tura masa saƙo kada ya zo yau," matar ta ce da sauri. "Wallahi na tura."

Babur ɗin ya tsaya a tsallaken kwata. Dogo ya sauke doguwar ƙafarsa ƙasa, bai kashe injin ba. Ya rame. Ya dubi Mai Famfo, ya dubi takardar da ke leƙowa daga aljihunsa, ya gane.

Ya kwance wani abu daga hannun babur ɗin, ya miƙo ta saman kwatar. Ƙaramar hular kwano ce ta yara, an manna mata hoton kifi a goshi.

"Igiyar tana da tauri," ya ce. "Sai ka danna ta ƙasa kafin ta kama."

Mai Famfo ya karɓa. Ya buɗe baki, yana neman ta inda zai fara maganar wata uku. Dogo bai jira ba. Ya juya kan babur ɗin ya ja.

Sai Auta ya fizge hannunsa daga na uwarsa. Ya yi taku uku zuwa bakin titi, ya miƙa hannu wajen babur ɗin da ke tafiya.

Wata siririyar murya, wadda Mai Famfo ya shekara biyar yana jira, ta fito tar a cikin yayyafin.

"Kawu."

Can gaba, jar fitilar birki ta kama.